Romon Biyetnam da burodinsu: me ya kamata a tambaya kafin a sa hannu?

Ɗan Damagaram, Faris:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma ban ga inda ya fi cancanta in kawo shi ba sai nan. Wani abokin karatuna, wanda iyayensa 'yan Biyetnam ne amma a nan Faransa aka haife shi, ya ja ni wani ƙaramin gidan abinci a unguwa ta 13 ta birnin Faris, wajen titin Choisy, inda shagunan mutanen Biyetnam da Kambodiya da Laos da Sin suke jere da juna. Wurin ba na alfarma ba ne, teburansa ba su wuce goma ba, kuma a matse suke har gwiwar mutum tana gogar ta wanda ke kusa da shi, amma tun daga bakin ƙofa ƙamshin kirfa da gasasshiyar citta yake tarbar mai shiga.

Kafin in zauna na tambayi matar da ke kula da wurin ko akwai alade a cikin romon da suke kira pho, wanda ake furta sunansa kusa da "fa". Ta ce babu, naman sa ne zalla. Aka kawo mini kwano mai zurfi, farar taliyar shinkafa mai faɗi a ƙasa, nama a kai an yanka shi siriri kamar takarda, romo garau yana tururi, ga kuma faranti a gefe ɗauke da tsiron wake da wani ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya da yankin lemun tsami da ɗanyen barkono. Naman ɗanye aka shimfiɗa shi, zafin romon ne ya dafa shi ina kallo. Ba zan ɓoye muku ba, tun da na zo ƙasar nan ban sha abin da ya kore mini sanyi kamar wannan romo ba.

Da za mu tafi na sayi burodinsu mai haɗi a ciki, wato banh mi, na ce a sa mini kaza. Sai da na isa ɗaki na buɗe shi, na ga an shafa wani abu mai ruwan ƙasa a cikin burodin. Na kira abokin nawa, ya ce niƙaƙƙiyar hantar alade ce, kuma da ita aka saba fara haɗin sai idan mai saye ya hana. Ban ci ba. Amma daga nan hankalina ya koma kan romon da na riga na sha. Shin tambayar da na yi ta wadatar? Kuma ga wanda ya san wannan abinci, me ya kamata Musulmi ya tambaya?

Hajiya Uwar Biyu, Houston:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya sami da yawa daga cikinmu, domin a nan Houston mutanen Biyetnam suna da yawa ƙwarai, kuma a titin Bellaire kaɗai sai mutum ya gaji da ƙirga gidajen pho. Kuskurenmu shi ne muna tambaya a kan naman da ido ke gani, alhali abin da muke gudu yana cikin abin da aka shafa da abin da aka tafasa. Banh mi ɗin da suka fi alfahari da shi alade ne hawa-hawa, daga hantar da aka shafa, zuwa wani dunƙulen niƙaƙƙen nama mai suna cha lua da ake dafawa a naɗe cikin ganyen ayaba, zuwa yankan naman kai. Sauran kayan kuwa babu abin zargi a cikinsu, domin mayonis ne da kokwamba da ganyen kusbara da barkono, da karas da wata farar saiwa da aka tsuma a ruwan kal da sukari har suka yi ɗan tsami, sai ɗigon ruwan Maggi. Idan ka ce a sa maka kaza, mai haɗawa zai ɗauka nama kawai ka sauya, hannunsa kuwa ya riga ya saba da fara shafa hanta. Dole ne ka kira hantar da sunan da suka san ta da shi, wato pâté, ka ce kada a sa, sannan ka roƙi a wanke wuƙa.

A ɓangaren romo ma ba kowane kwano mai taliya ne pho ba. Akwai bun bo Hue, wanda sunansa yake nufin taliya da naman sa irin na birnin Hue, amma a al'ada da ƙafar alade ake dafa shi, har ana sa masa daskararren jini an yayyanka. Akwai hu tieu, wanda romonsa yawanci na ƙashin alade ne. Pho na sa da pho na kaza su ne suka fi nesa da wannan matsala, duk da haka ni nakan tambaya ko an haɗa wani ƙashi a tukunya, kuma nakan ƙaurace wa ƙwallayen naman da ake jefawa a ciki sai na san abin da aka niƙa.

Malam Mai Almajirai, Maraɗi:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ta sauƙaƙa mini magana. Ɗana, tambaya biyu ka dunƙule wuri ɗaya, kuma raba su zai sa hankalinka ya kwanta. Ta farko ita ce ko akwai alade, wannan ka tambaya an ba ka amsa, ka yi aiki da abin da aka faɗa maka, don haka kada ka bar waswasi ya cinye ka a kan abin da ya wuce. Ta biyu ita ce yadda aka yanka san da aka dafa, wannan kuwa ba ka tambaya ba. Abin dubawa a nan shi ne wanda ya yi yanka, ba wanda ya yi girki ba, saboda haka addinin matar da ta kawo maka kwano bai shiga lissafi ba. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, amma malamai na wannan zamani sun yi saɓani a kan naman mayankar Turai, inda ake sumar da dabba kafin yanka kuma ba a san wanda ya riƙe wuƙa ba. Wasu sun sassauta, wasu sun tsananta, ni kuwa abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, inda naman halal yake samuwa ba tare da wahala ba, kamar Faris, neman sa shi ne ya fi.

Game da ruwan kifin da ake zuba wa romon, wanda na ji wasu suna ƙyama, ban ga matsala ba idan kifi ne da gishiri kawai, domin a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne kuma ba ya bukatar yanka.

Yaya Injiniya, Lyon:

Allah ya gafarta Malam, na gamsu da bayaninka, amma ina neman izini in faɗi ra'ayin da ya saɓa wa inda maganar ta nufa. Ni a ganina, wurin da sai mutum ya jera tambaya huɗu ko biyar kafin ya ci loma ɗaya, barin sa ya fi. Allo ɗaya ake yanka komai a kai, ludayi yana fita daga wannan tukunya ya shiga waccan, kuma a lokacin da jama'a suka yi layi babu mai sayarwar da zai tsaya wanke wuƙa saboda mutum ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan ban taɓa shiga irin waɗannan wurare ba, kuma ban rasa abin da zan ci ba. Bayan haka, idan an cire hanta an cire alade, abin da ya rage burodi ne da kaza da karas, wanda kowa zai iya haɗawa a ɗakinsa. Ƙanena, mene ne abin wahalar da kai a kan abincin da asalinsa ba a yi shi dominka ba?

Alhaji Ɗan Kasuwa, Kano:

Injiniya, maganarka ta farko a kan allo da ludayi gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Amma ta ƙarshe, cewa ba a yi abincin dominmu ba, ita ce ban yarda da ita ba, kuma da abin da idona ya gani zan ba ka amsa. Harkar kaya ta kai ni birnin Ho Chi Minh, wanda har yanzu mazaunansa suka fi kiran sa Saigon. A gefen kasuwar Ben Thanh akwai wani ɗan gajeren titi mai suna Nguyen An Ninh, inda ake sayar da hijabi da dogayen riguna, kuma gidajen abincin da ke kansa da dama na halal ne saboda yawan baƙi daga Malesiya da Indonesiya. Ba nisa daga nan, a titin Dong Du, akwai babban masallacin da Musulmi 'yan kudancin Indiya suka gina a 1935, a nan na yi sallar Juma'a.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda na tarar suna dafa pho a waɗannan wurare. Da yawansu 'yan ƙabilar Cham ne, 'yan ƙasar na asali, jikokin mutanen tsohuwar daular Champa, kuma akwai ƙauyukansu na Musulmi a yankin An Giang, wajen garin Chau Doc, kusa da iyakar Kambodiya. Matar da ta zuba mini romo tana sanye da ɗankwali, ta yi mini sallama da Larabci, naman kuma yankan Musulmi ne. Waɗannan ba su ɗauki pho a matsayin abincin wasu da suke aro ba, abincin ƙasarsu ne. Banh mi ma na ci shi a can da soyayyen ƙwai, na ci da kifin gwangwani a cikin miyar tumatir, kuma ba don ni aka ƙirƙiro waɗannan ba, haka talakawan birnin suke sayen su da safe a kan hanyar zuwa aiki.

Baba Tsohon Malamin Makaranta, Yamai:

'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku, kuma zancen asali da Injiniya ya kawo shi ne ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina. Wannan dogon burodi da ɗanmu ya saya a Faris, hannun da ya kai shi Saigon shi ne ya kawo shi Yamai da Damagaram. Faransawa sun kama Saigon a 1859, sun shiga Damagaram a 1899, kuma duk inda suka sauka sun tafi da tandarsu. Da farko burodin na Turawa ne da masu hali, ana cin sa da man shanu da hanta a faranti. Mutanen Saigon ne suka gajarta shi, suka mai da ɓawonsa siriri cikinsa sakayau, suka tsaga shi suka cusa masa ganye da barkono da kayan tsami, ya zama abin da leburan da ke sauri zai riƙe a hannu ya ci. Wannan ya bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1950. Mu ma ai haka muka yi, wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi a Yamai aka tsaga masa burodi aka zuba ƙwai da albasa da Maggi, ko aka zare masa tsire a ciki aka barbaɗa yaji, ya san abin da nake nufi.

Shi kansa pho bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. A arewacin ƙasar ya fito, tsakanin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20, lokacin da bukatar Turawa ta sa aka yawaita yanka shanu, ƙasusuwa suka samu da araha. A can arewa romon ba shi da tarkace, albasa mai ganye ce kawai a kai. Bayan an ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu a watan Mayu na 1954 aka raba ƙasar biyu, ɗaruruwan dubban mutane suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu, a can ne aka ƙara tsiron wake da ganyaye da ɗan zaƙi. Farantin da aka ajiye wa ɗanmu a gefe salon kudu ne, domin akasarin waɗanda suka bazu a duniya bayan faɗuwar Saigon a ranar 30 ga Afrilu, 1975, daga kudu suka fito, kuma cikin masu gudun hijirar wancan lokaci ne wasu suka zauna a dogayen benayen unguwa ta 13.

Akwai kuma namu a cikin wannan tarihi. A yaƙin da aka yi daga 1946 zuwa 1954 Faransa ta kwashi sojoji daga Afirka ta Yamma ta kai su can, kuma marigayi Seyni Kountché, tsohon shugaban ƙasar Nijar, yana cikin waɗanda suka yi aikin soja a wannan yanki. Muna yara mun san tsofaffin sojoji da ke ambaton Indoshin, sunan da Faransawa suka ba yankin, idan hira ta yi daɗi. Wasu sojojin Senegal sun komo da mata 'yan Biyetnam, shi ya sa har yau ake soya nem, wani naɗaɗɗen abincin Biyetnam mai haɗi a ciki, a titunan Dakar. Saboda haka, Injiniya, abincin da ya sauya a hannun Bafaranshe da mutumin Hanoi da mutumin Saigon, ban ga dalilin da za a ce ya lalace don ya shiga hannun Musulmi ba.

Malama Mai Girki, Zariya:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, mun ƙaru ƙwarai. Ni tambayata ta madafa ce, kuma Hajiya nake nufi da ita. Na ga hoton wannan romo, ya yi mini kama da ruwan da aka tsame nama aka bari, babu tumatir, babu attarugu, babu mai a kansa. Mu da muka saba da farfesu mai kauri da yaji, ta yaya abu mai haske haka zai yi ɗanɗano har mutum ya ƙoshi? Idan akwai yadda ake yin sa da kayan da muke samu a kasuwarmu, ina so in gwada, domin hakan zai raba mu da zancen wa ya yi yanka.

Hajiya Uwar Biyu, Houston:

'Yar'uwa, hasken nan da kika gani shi ne aikin, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Wata maƙwabciyata 'yar Biyetnam ce ta tsaya a kaina har na iya. Za ki sami ƙashin sa mai ɓargo da ƙashin gwiwa, idan da hali ki haɗa da jela, ki zuba su a ruwa ki tafasa kamar minti goma, sai ki zubar da wannan ruwa gaba ɗaya, ki wanke ƙashin ɗaya bayan ɗaya, ki wanke tukunyar. Karon farko da na ga ta tuttular da ruwan nan raina bai so ba, domin mu a wurinmu shi ne romo, amma dattin da ke dagula miya a cikinsa yake fita. Sai ki mai da ƙashin cikin sabon ruwa, ki rage wuta har ya zama tukunyar tana ɗan motsi ne kawai, ki bar ta awa shida ko fiye, kina kwashe kumfa da ludayi.

Albasa da ɗanyar citta kuwa a kan wuta ake gasa su da ɓawonsu har su yi baƙi, a kankare, a jefa a ciki, kuma gawayinmu ya fi gas yin wannan aiki. Kirfa da kanumfari da 'ya'yan kusbara da wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro ana ɗan soya su a busasshen kasko, a ƙulle su a ƙyalle mai tsabta, a sa su a awa ta ƙarshe don kada su yi ɗaci. Gishirin romon rabinsa daga ruwan kifi yake, wanda suke kira nuoc mam. Ƙananan kifaye ake jerawa da gishiri a manyan ganguna a bar su kusan shekara, kuma na tsibirin Phu Quoc ya yi suna. Warinsa a kwalba yana da ƙarfi, amma duk wadda ta san yadda daddawa take a hannu da yadda take komawa a miya ba za ta tsorata ba. Taliyar daban ake dafa ta, a zuba a kwano, a shimfiɗa nama, sannan a kwarara romo yana tafasa. Yajin da kike nema yana nan, sai dai kowa shi yake sa wa kwanonsa daidai bakinsa.

Yaya Injiniya, Lyon:

Baba da Alhaji, na karɓi gyara a kan zancen asali, ban san da Musulmin Cham ba sai yau. Amma ina nan a kan bakana game da gidan abincin da ake dafa alade da sa a madafa ɗaya. Idan an sami wanda duk kayansa halal ne, ko aka dafa a gida yadda Hajiya ta bayyana, zan ci da farin ciki.

Ɗan Damagaram, Faris:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na koma wurin, na zaɓi lokacin da babu cunkoso don in samu mu yi magana a natse. Na tambayi matar daga ina ƙashi da naman suke zuwa, ta ce daga wani dillali na gama-gari suke saye, ba ta da takardar halal, kuma ba za ta ce mini tana da ita ba. Ta tabbatar mini tukunyar pho daban take, ba a sa mata komai sai ƙashin sa, mahaifinta ma tun asuba yake ɗora ta. Da na ba ta labarin hantar da na tarar a burodi sai ta nuna rashin jin daɗi, ta ce da na faɗa tun farko da ba a shafa ba. Ta ɗauko wuƙa ta wanke a gabana, ta shimfiɗa sabuwar takarda a kan allo, ta ɗumama burodin har ɓawonsa yana ƙara idan an taɓa, ta soya ƙwai biyu a kasko mai tsabta, ta jera kokwamba da karas mai tsami da kusbara da barkono. A tsaye na cinye shi a bakin titi, ɓurɓushin ɓawon yana zuba a kan rigata.

Romon kuwa na bi shawarar Malam, ban sake sha a can ba. Abokina ya ce akwai gidajen abincin Biyetnam a Faris da kewayenta da suke amfani da naman halal, za mu nemi ɗaya ranar Asabar, kuma idan na ga takardarsu da idona zan sanar da Yaya Injiniya ko zai shigo jirgin ƙasa ya same mu. Na kuma yi wa mahaucin unguwarmu magana ya ajiye mini ƙashin ɓargo kilo biyu. Hajiya, tukunyata ta lita biyar ce, za ta isa?

Hajiya Uwar Biyu, Houston:

Za ta isa, ƙanena, amma kada ka cika ta har baki, ka bar wurin da za ka riƙa kwashe kumfa. Idan ruwan ya ja baya ka ƙara mai zafi, ba mai sanyi ba, kuma kada ka sa ruwan kifi sai romon ya kusa sauka, ka riƙa ɗanɗanawa cokali bayan cokali.